Itacen Rijiyar Alakoss

Ban taɓa mantawa da ranar da muka buɗe baje kolinmu na Gure ba. Tun da kun tambaye ni abin da ya fi tsaya mini a rai cikin shekarun da na yi a wannan aiki, shi zan ba ku. Ku da kuka zo koyon aiki bana, da ku abokan aikina da kuka sha jin gutsattsarinsa a bakina, ku yi haƙuri in faro shi daga tushe.

A lokacin ina mataimakin mai kula da kayan tarihi da na fasaha a bironmu, wato ofishinmu, na Damagaram. Wanda bai san aikin ba yakan ɗauka mu masu gadi ne, ko masu goge tsofaffin tukwane. Aikin ya wuce nan. Mu ne muke zaɓen abin da za a nuna wa jama'a, mu je mu aro shi wurin mai shi, mu duba lafiyarsa, mu ɗauko shi ba tare da ya ƙwarzane ba. Mu ne za mu san inda zai zauna a ɗaki, da abin da zai tsaya kusa da shi, da ta inda haske zai sauka a kansa. Sannan mu rubuta ɗan bayanin da ake liƙawa a gefensa. In an gama, mu mayar wa kowa da kayansa yadda muka karɓa.

Shugabata a wancan lokaci ita ce Hajiya Fanna, muna ce mata Madam. Babarbariya ce, doguwa, mai ƙarancin magana. Ta yi karatun wannan aiki a waje, kuma doka a wurinta doka ce. Babbar dokarta kuwa, ba a taɓa kayan da aka baje. Gumin hannu da maiƙonsa suna cin fata, suna cin itace, suna cin fenti. Na taɓa ganin ta dakatar da wani babban baƙo da ya miƙa yatsa zai shafa wani tsohon sirdi, ta ce masa cikin ladabi ya mayar da hannunsa aljihu.

Bayan kaka, Madam ta kira ni ta ce an ba mu aron wani babban zauren taro a Gure, za mu yi baje koli a kan ruwa, ni ne zan tsara shi. Wannan ne karo na farko da aka damƙa mini ɗaki sukutum. Na tafi da ɗokina. Na tara zane-zanen matasa masu fenti na Damagaram, da hotunan kwarurrukan nan masu dabino da goruba da ke kwance tsakanin tuddan rairayi. Na aro tuluna da salkuna da ƙore masu zane, matan garin Bune kuma suka ba ni fayafayan da ake rufe ruwan sha da su. Na jera komai, kowane abu mai kyau ne, amma in na tsaya a bakin ƙofa sai in ga idona yana yawo bai sami wurin sauka ba. Ɗakin ba shi da tsakiya.

Saura wasaki nake nema, wato babban gugan fata da makiyaya ke jan ruwa da shi. Aka ce in je wata rijiya a ƙasar Alakoss. Muka shiga kat-kat, motar nan mai ratsa rairayi, ni da direba, muka yi ta hawa tudu muna sauka har rana ta take. Da muka isa, sai na tarar an sake ginin rijiyar da siminti, an kafa mata ƙarafa. Shanu da raƙuma sun kewaye ta, ana ta shayarwa. Na zaga bayan wani komin shayar da dabbobi don in sami inuwa, a nan na gan shi kwance, rabinsa a cikin rairayi.

Gungumen itace ne, ya fi tsawon mutum, baƙi wuluk, yana sheƙi kamar an shafe shi da man shanu. Ɗaya ne daga cikin itatuwan da aka gitta a bakin tsohuwar rijiyar. Igiya ta ci jikinsa daga wannan kai zuwa wancan, layi-layi, wani sawun ɗan siriri, wani kuwa mai zurfin da yatsun mutum za su nutse a ciki su ɓace. Babu wuƙar da ta taɓa shi, babu masassaƙin da ya zauna ya ce zai ƙawata shi. Igiya ce kawai, yau da gobe, tun zamanin kakannin kakanni. Na durƙusa a gabansa. Na ga sassaƙa iri-iri a rayuwata, ban taɓa ganin wadda ta kama ni kamar wannan ba.

Dattawa biyu ne ke da ta cewa a kan rijiyar. Akwai Ardo Jibo, shugaban Fulanin wurin, gajeren tsoho mai yawan murmushi. Akwai kuma Agali, dattijon Abzinawa, wanda in ba idanunsa ba ba ka ganin komai a cikin rawaninsa. A ƙa'idar aikinmu, abin da yake na jama'a ba a aronsa a hannun mutum guda, don haka na nemi su zauna tare. Aka shimfiɗa tabarma, aka ɗora shayi. Na lura kowannensu da ni yake magana, ba ya duban ɗan'uwansa. Daga baya direba ya raɗa mini cewa tun da aka sake ginin rijiyar suke ƙurar juna a kan wanda zai fara shayarwa da safe, har maganar ta taɓa kaiwa gaban hukuma.

Ardo ne ya yi mini bayanin sawun igiyar. Ya ce a da kowane gida yana da gefensa. Raƙumi ko sa ne yake jan igiya, yaro yana gaba riƙe da akala, ya yi ta tafiya yana nisantar rijiya har wasaki ya iso baki. Sai wanda ke tsaye a bakin rijiyar ya yi kira da ƙarfi, yaron ya tsaya, ya juyo da dabbar. Kowane gida a wuri guda igiyarsa take goga, shi ya sa kowane sawu yake da masu shi.

Na nuna wani sawu mai zurfi can ƙarshen itacen, na ce, "Baba Ardo, wannan fa?"

Ya ce, "Wannan masu shi sun watse tun babban fari. Babu wanda ya san inda suka nufa."

Suka yarda su ba ni aro, da sharaɗi: kada a yanke shi, kada a shafa masa komai, kuma ya dawo kafin ruwan farko. Na ɗauki hotonsa ta kowane gefe, na auna shi, na duba ko gara ta shige shi, na tarar lafiya lau yake. Amma kafin mu tashi, Ardo ya ja ni gefe, ya kira ni da sunana irin yadda ake kiran ma'aikaci da Faransanci, ya ce, "Mushe Lawali, in za ka rubuta, ka rubuta rijiyar Fulani ce. Kakana ne ya haƙa ta." Ina komawa wurin mota, Agali ya sha gabana, ya ce, "Ɗana, takarda ba ta mantuwa. Ka sa sunanmu a gaba. Mu suka tarar."

Na ce wa kowannensu zan kai magana gaban shugabata.

Da na buga wa Madam waya na gaya mata abin da na samo, sai ta ce, "Lawali, na aike ka neman guga ka ɗauko mini itacen girki?" Na ce ta zo ta gani tukuna. Ta iso Gure bayan mun kawo shi a kamiyo, babbar motar kaya, nannaɗe da tsofaffin barguna da bashe, wato tamfol. Na riga na sa an zuba farin rairayi a tsakiyar zauren, an kwantar da shi a kai, na kuma sa fitila ƙasa-ƙasa ta gefe guda don kowane sawu ya yi inuwarsa. Madam ta shigo, ta zagaya shi a hankali, hannayenta a baya. Can ta ce, "Kwashe zanen nan biyu da ke bayansa. Suna yi masa surutu."

Sai na faɗa mata maganar suna. Ta zauna a kan kujera ta yi tagumi. Ta ce in muka sa Fulani a gaba, mun yanke hukuncin da hukuma ma ba ta yanke ba. In muka sa Abzinawa, haka. In kuwa rikici ya tashi a cikin zauren, za a rufe baje kolin, kuma babu makiyayin da zai sake ba mu aron ko ludayi a ƙasar nan. Daga ƙarshe ta ce in rubuta, "Itacen bakin rijiya, ƙasar Alakoss," in tsaya nan. Muka kewaye shi da jar igiya kamar yadda ake yi, aka kafa allon da ke cewa kada a taɓa.

Ranar buɗewa ta faɗo ranar kasuwa. Da hantsi wakilin perfe, wato shugaban gundumar, ya zo, magajin gari ya zo, aka yi jawabai, aka yi addu'a. 'Yan lakwal, wato 'yan makaranta, sun zo da malamansu, 'yan kasuwa sun leƙo, jandarma biyu suna bakin ƙofa. Ana cikin haka sai ga mutanen rijiya. Ardo da jama'arsa suka shigo suka tsaya ta dama da itacen. Agali da nasa suka shigo suka tsaya ta hagu. Babu wanda ya kalli zane, babu wanda ya kalli hoto.

Agali ya kira wani malamin lakwal ya ce ya karanta masa abin da aka rubuta. Malamin ya karanta. Agali ya ce, "Shi ke nan?" Malamin ya ce shi ke nan. Sai wani ɗan ƙanen Ardo ya ɗaga murya ya ce, "An ɗauko kayan kakanninmu an ɓoye sunansu!" Wani daga ɗaya gefen ya ce, "Kakannin wa?" Nan take zauren ya ɗauki guna-guni. Na ga hannaye suna gyara riƙon sanda. Na ga jandarman nan sun dubi juna sun fara matsowa. Wakilin perfe ya sunkuyo ya ce wa Madam ko dai a fitar da itacen ta ƙofar baya. Ni kuwa ina ta addu'a a zuci.

A nan ne Alhaji Bukar ya ratso cikin mutane. Alhaji Bukar ɗan kasuwa ne a Gure, yana da babban kanti na kayan gini da na kuran, wato lantarki. A wurinsa muka sayi ƙusoshi da ƙwan fitila, shi ya sa muka gayyace shi. Mutum ne mai jiki, mai furfura a gemu, ranar yana sanye da farar shadda. Kowa ya san shi a matsayin ɗan gari, ba a taɓa jin ya yi zancen daji ba. Ya zo gaban itacen ya tsaya cak, kamar wanda aka kira sunansa daga nesa. Sai kawai ya ɗaga ƙafa ya tsallake jar igiyar.

Na yunƙura zan tare shi. Madam ta ce, ƙasa-ƙasa, "Lawali, tsaya."

Alhaji ya durƙusa a kan rairayi da shaddarsa. Bai yi lalube ba, bai duba nan da can ba. Kai tsaye ya kai hannu can ƙarshen itacen, ya zura yatsunsa cikin sawun nan mai zurfi wanda aka ce masu shi sun watse. Ya yi wata magana da Barbarci wadda ban ji ba, amma na ga Madam ta rufe bakinta da mayafi. Guna-gunin ya mutu.

Ardo ya matso ya ce, "Bawan Allah, kai ɗan wa ne?"

Alhaji bai ɗago ba, ya ce, "Ɗan Mele ne ni. Wannan gefenmu ne. Ni nake jan raƙumin."

Ardo ya saki salati. Agali ya janye rawaninsa daga baki, abin da aka ce ba ya yi a gaban mutane, ya ce, "Mele mai farin raƙumi? Mele da ya ba ni ruwa ranar da igiyarmu ta tsinke?" Alhaji ya gyaɗa kai. Ya ce dabbobinsu sun ƙare a farin nan, mahaifinsa ya kawo su Gure da ƙafa, bai shekara ba ya rasu. Shi kuwa ya tashi a kasuwa, tun daga dako har Allah ya buɗa masa. Tun ranar da suka baro rijiyar bai sake komawa ba, ko 'ya'yansa bai taɓa ba su labarinta ba.

Abin da ya biyo baya shi ne har yau in na tuna tsigar jikina take tashi. Alhaji ya miƙe, ya tuɓe takalmansa, ya juya wa itacen baya. Ya ɗaga hannun dama daidai kafaɗa, kamar mai riƙe da akala. Sai ya fara tafiya. Ba tafiyar attajiri ba, wata irin tafiya ce ta yaro, yana ɗan jingina gaba kamar akwai nauyi a bayansa. Mutane suka dare. Ya ratsa zauren, ya fita ƙofa ta tsakanin jandarman nan, ya sauka tsakar fili. Duka muka bi shi da ido ta ƙofa da tagogi. Ya wuce inda aka ajiye motocin manya, ya wuce bishiyar dalbejiya, ya fita ƙofar shinge ya doshi titi. Masu babura suka tsaya.

Ardo da Agali kuwa ba shi suke kallo ba. Dukansu biyu sun sunkuya a kan itacen, idanunsu a ƙasa, kamar masu leƙen rijiya suna jiran wasaki ya taso daga duhu. Ina tsaye kusa da su, ina jin numfashinsu. Can sai suka ɗago tare, ba wanda ya dubi wani, suka ƙwala kira da murya guda, "Hooo!"

Wallahi kafin kiran ya kai titi, Alhaji ya riga ya tsaya. Ƙafarsa ta san wurin. Ya juyo a hankali, kamar mai juyo da raƙumi, fuskarsa sharkaf da hawaye. Tsofaffin nan biyu a cikin ɗaki, shi a bakin titi, bayan shekarun da yaro ya zama mai furfura, kuma zurfin rijiyar yana nan a jikinsu su uku, bai ƙaru ba bai ragu ba. Wata tsohuwa daga cikin Fulani ta rangaɗa guɗa. Na duba na ga wakilin perfe yana share ido da bakin hularsa.

Madam ta taka da kanta ta kwance jar igiyar, ta naɗe ta a hannu, ta miƙa mini. Ta ce, "Cire allon nan ma." Na ce, "Madam, gumin hannu fa?" Ta ce, "Hannu ne ya yi shi, Lawali. Da me kake so su gaishe shi?"

Mutane suka yi layi. Maza, mata, tsofaffi, kowa ya zo ya sa yatsa a sawun gidansu. Ardo ya fara faɗin sunayen masu kowane sawu, ya zo kan wani ya yi kuskure, Agali ya gyara masa, kuma sawun na Fulani ne. Can Agali ya manta sunan wani kawunsa, Ardo ya tuna masa. Suka dubi juna, karo na farko tun da na san su, sai Ardo ya fashe da dariya ya ce, "Tsufa ya cinye mu, Agali." Da Alhaji ya dawo ciki suka sa shi tsakiya, suna ta tambayarsa mahaifiyarsa da ƙannensa, wa ke raye wa ya riga mu.

Maganar suna kuwa su suka warware ta, ba mu ba. Agali ya ce a rubuta gidajen yadda suke a jikin itacen, a faro daga wannan kai a ƙare a wancan. Ardo ya ce haka ya yi, itacen ya fi su sanin wanda ke ina. Na zauna a ƙasa suna faɗa ina rubutawa, gidan Bafulatani, sai na Ba'abzine, sai na Bafulatani, a cakuɗe kamar yadda suka sha ruwa. Gidan Mele ya zo a ƙarshe.

Washegari Alhaji ya aiko da sabuwar igiya daga kantinsa. Muka ɗaura ta a gindin itacen, muka shimfiɗa ta ta cikin ƙofa, ta ratsa fili har inda ya tsaya a bakin titi. Ita ce ta zama abin da aka fi zuwa gani. 'Yan lakwal na gari, waɗanda famfo kawai suka sani, sai su bi ta da ƙafa tun daga ɗaki har titi, su juyo su dubi nisan, su riƙe baki. Matasan nan masu fenti da na kwashe zanensu, na ɗauka za su yi fushi. Sai ga su sun zo da takardunsu sun zauna a ƙasa suna zana hannayen mutane a kan itacen. Kuma wani abin mamaki, wanda ya taɓa itacen in ya miƙe sai ka ga ya zaga ɗakin yana duban tuluna da hotuna da zane-zanen a natse, kamar yanzu ne idonsa ya buɗe.

Labari ya kai Yamai. Ana gab da rufewa aka bugo wa Madam waya daga sama, ana so a kai itacen can a ajiye shi dindindin, inda baƙi daga ƙasashe za su gan shi. Ga wanda yake wannan aiki, babu abin da ya fi haka daɗi, a ce abin da ka gano ya shiga babban ɗaki da sunanka a ƙarƙashi. Ba zan ɓoye muku ba, raina ya biya. Madam ta saurara har aka gama, ta ce aro ne, kuma an yi alkawarin zai koma kafin ruwan farko. Aka ce ta lallashi masu shi. Ta ce za ta isar musu da saƙo, amma ba za ta matsa musu ba. Ta isar kuwa. Dattawan suka yi shawara, suka ce a gode wa manya, amma suna son jikokinsu su tashi suna ganinsa. Muka ɗauki hotunansa ta kowace kusurwa da na'ura, da muryoyin dattawan suna faɗin sunaye, muka aika da su. Itacen kuma muka sake naɗe shi da barguna.

Alhaji Bukar ne ya ba da kamiyonsa, ya kuma ce da shi za a je. Ya ɗauki manyan 'ya'yansa biyu. Da muka hau tudun ƙarshe rijiyar ta bayyana, sai ya ce wa direba ya tsaya. Ya sauka ya ƙarasa da ƙafa. Mun tarar an kafa rumfa ta musamman kusa da sabuwar rijiyar, Fulani suka kawo itatuwa, Abzinawa suka kawo tabarmin rufi. A nan aka kwantar da shi. Aka jawo ruwa, Agali ya cika ƙwarya ya miƙa wa Alhaji da hannu biyu. Ya sha, ya ba 'ya'yansa, ya ce musu, "Wannan ne ruwan gidanku."

Ban ce muku rikicin shayarwa ya ƙare ranar ba. Na ji daga baya sun sake yin sa-in-sa, sun kuma shirya, kamar yadda maƙwabta suke yi. Amma ba a sake kai maganar gaban hukuma ba.

Da za mu tafi, Ardo ya raka ni har mota. Ya ce, "Mushe Lawali, na yi ta tunanin wannan aiki naku. Ashe ku ma makiyaya ne. Kiwon dukiyar wasu kuke yi. Ka karɓi abin mutum, ka kai shi inda zai sha iska, ka dawo masa da shi ya fi yadda ya ba ka." Na ce, "Baba, ai ban ƙara masa komai ba." Ya ce, "Ka ƙara. Da ka zo, a rairayi ka same shi, awaki suna hawa."

To, ku da kuke shigowa yanzu, na san abin da ke damunku. Kuna ganin kowa yana da waya, kowa yana iya ɗaukar hoto ya baje wa duniya daga ɗakinsa, har an ce akwai na'urorin da za su zaɓi zane su jera su rubuta bayani cikin ƙiftawar ido. Kuna tambaya ko aikinmu zai kai gobe. Ni dai abin da na gani shi ne, zaɓe da jerawa da rubutu, duk za a iya taya mu, kuma ina maraba da mai tayawa. Ku koyi na'urorin nan da kyau, za su yi muku amfani. Amma zamanin da mai wannan aiki zai tsaya shi kaɗai tsakanin kaya da jama'a yana cewa ni na sani, ku ku saurara, wannan zamanin yana wucewa. Masu kayan suna nan da ransu, suna da baki, kuma sau da yawa abin da ya fi daraja a cikin ɗakin ba ka san da shi ba sai ya shigo ta ƙofa da ƙafafunsa. Naka shi ne ka shirya wurin da kyau, ka san dokokinka sarai har ka gane ranar da ya kamata a ɗaga su, kuma in ka yi alkawari ka cika ko da daga sama aka kira ka.

Sati mai zuwa za ku fita ƙauyukan Kelle neman kaya. Duk abin da ya burge ku, kafin ku ciro ma'auni ko na'urar hoto, ku nemi wuri ku zauna, ku tambaya na wane ne, ku kuma jira har a gama ba ku amsa.